Babi na Shida: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Sandamu ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tare da Daura, Baure, Mai'aduwa da Zango. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum kimanin 137,000, mafi yawansu manoma da makiyaya. Ƙasa ce ta jigawa, ta gero da wake da gyaɗa da riɗi, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba. Sauran watannin shekara kuwa, jama'a da dabbobinsu sun dogara ne da ruwan da ƙasa ta ɓoye ko wanda aka tare: rijiyoyi, burtsatse, madatsun ruwa na yankin irin su Sabke da Daberam, sai kuma tafkuna da kududdufai.

Kududdufi ramin da aka haƙi ƙasar gini ne, damina ta cika shi. A nan ake shayar da shanu da tumaki, a nan masu tubali ke kwaɓa, a nan yara ke wanka in manya sun kau da kai. Wanda ya saba wucewa ta bakinsa ya san launinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. A marka ja yake saboda laka. Da kaka sai ya kwanta ya yi garau. In bazara ta kama, ruwan ya ja baya, sai ka tarar ya yi kore shar, wani lokaci har da wari.

A babin da ya gabata mun duba yadda ake tara ruwa. A wannan za mu duba yadda yake ɓaci, da kuma yadda labarin ɓacinsa ke isa kunnen masu iko. A wasu ƙasashe an fara sa kwamfuta ta riƙa karanta abin da jama'a ke rubutawa a soshiyal midiya don a gane inda ruwa ya lalace da yadda abin ya dami mutane. Ko wannan dabara za ta yi aiki a wuri irin Sandamu?

Abin da ke rina ruwa

Abin da muke haɗawa mu kira gansakuka, a wurin masana halittu jinsuna ne dubbai. Wasu zare-zare ne masu santsi da ke manne wa dutse da gindin randa. Wasu kuwa ƙwayoyi ne da ido ba ya iya ganinsu ɗaya-ɗaya, sai sun yi cincirindo sannan ruwa ya rine. Rayuwarsu irin ta shuka ce: hasken rana, ruwa, iska da taki. A cikinsu akwai wani rukuni da ake kira sayanobakteriya, waɗanda dangin bakteriya ne duk da koren da ke jikinsu. Su ne suka fi ba masu kula da ruwan sha ciwon kai.

Abu uku ke sa su yaɗo: taki, zafi da ruwa kwance. Takin da suka fi so shi ne naitirojin da fosfaras, wato N da P ɗin da ke rubuce a buhun takin zamani na NPK. Ruwan sama yakan wanko ragowar takin gona, da kashin shanu, da ruwan kwata, da kumfar sabulu, ya zube su a kududdufi. Shi kuwa kududdufi ba shi da mafita. Rana tana shanye ruwan, takin yana nan, kullum yana ƙara kauri. Idan aka shiga Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, ƙwayoyin sukan ninka kansu cikin kwana kaɗan. Ruwan da ya yi sati yana garau sai a wayi gari ya koma kore.

Launin bai tsaya ga kore ba. Tafkin Retba da ke kusa da Dakar a Senegal ya yi suna da ruwan hoda, saboda wata ƙwaya mai son gishiri da ake kira Dunaliella salina, wadda ke yin sinadari irin wanda ya ba karas launinsa. Da ambaliyar 2022 ta surka gishirin tafkin, launin ya ɓace, masu yawon buɗe ido suka ja baya. A Bahar Maliya, wadda alhazai ke gani a Jidda, akwai wata da kan shimfiɗu bisa ruwa ta mayar da shi ja-ja. Kowane launi yana faɗin wani abu game da abin da ya shiga ruwan. Gaskiyar Bahaushe da ya ce ruwa ba ya tsami banza.

Wadda ake ci da wadda ke kisa

Kada mai karatu ya ɗauka duk gansakuka annoba ce. Ita ce abincin ƙananan halittun da kifi ke ci. Akwai ma wadda mutane ke ci kai tsaye. A gabashin tafkin Chadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wata koriyar gansakuka daga tafkunan kanwa, su zuba a ramin yashi ruwan ya tsane, rana ta busar da ita, su kakkarya su kai kasuwa. Sunanta dihe, miya ake yi da ita. Wani masanin tsirrai Bafaranshe, Pierre Dangeard, ya yi rubutu a kanta a 1940, amma duniya ba ta kula ba sai da Jean Léonard, ɗan Beljiyam, ya sake ganinta a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, a 1964. Da aka auna, sai aka tarar fiye da rabin nauyin busasshiyarta sinadarin gina jiki ne. Ita ce yau ake nomawa a ƙasashe da dama ana sayarwa da sunan sifirulina.

'Yan uwanta na kusa kuwa guba suke haɗawa. Tun a 1878 wani masani mai suna George Francis ya ba da rahoton yadda tumaki da dawaki da karnuka suka mutu bayan sun sha ruwan tafkin Alexandrina a Ostareliya. Gubar da ta fi yaɗuwa ana kiranta maikurosistin, hanta take kamawa. A 1996, a garin Caruaru na Brazil, ruwan da ke ɗauke da ita ya shiga injinan wankin ƙoda na wani asibiti, sama da marasa lafiya 50 suka rasu. A watan Agusta na 2014 an hana mutum sama da 400,000 a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo har kusan kwana uku. A 2020 giwaye sama da 300 suka mutu a Botswana, gwamnatin ƙasar ta ɗora alhakin a kan gubar sayanobakteriya da ke cikin tafkunan da suke sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar wannan guba a ruwan sha na yau da kullum a kan maikurogiram 1 a lita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, tafasa ruwa ba ta kashe wannan guba. Tafasar ma fasa ƙwayoyin take yi, gubar da ke cikinsu ta fito. Shi ya sa hukumomin Toledo suka gargaɗi jama'a kada su tafasa. Tacewa da ƙyalle ma ba ta raba ruwa da gubar da ta riga ta narke.

Ido kaɗai ba ya tabbatar da mai guba, sai an kai ɗakin gwaji. Amma akwai alamar da kowa zai iya dubawa. A tsoma sanda a ɗago. In ta fito da zare-zare kamar gashi, galibi marar guba ce. In ta fito a shafe kamar an tsoma ta a koren fenti, to a janye dabbobi da yara. Haka nan in aka wayi gari kifaye suna hamma a saman ruwa ko suna mutuwa, alama ce gansakuka ta shanye iskar ruwan cikin dare.

Na'urar da ke sauraron jama'a

Matsalar hukumomin ruwa a ko'ina ita ce yawan wuraren da ƙarancin ma'aikata. Gansakuka kan taso cikin kwana biyu, iska ta kwashe ta a na uku. Kafin jami'i ya zo da kwalbarsa an riga an sha. Tauraron ɗan'adam yana taimakawa: Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana ɗaukar hoton wuri kusan duk kwana biyar, kyauta kuma ake samun hotunan. Sai dai kowane ɗigo a hotonsa faɗin mita 10 ne, ƙaramin kududdufi bai wuce 'yan ɗigo ba, gajimare da hazo kuma suna rufe masa ido.

Wannan ya sa wasu masana suka juya ga mutane. Tunda jama'a na faɗin abin da suka gani a intanet, me zai hana a tattara maganganunsu a auna?

Ga yadda aikin yake. Ana kwaso dubban saƙonni, a ba mutanen da suka iya harshen su karanta ɗaya bayan ɗaya, su sa wa kowane alama: wannan yabo ne ko jin daɗi, wannan suka ne ko ƙorafi, wannan tsaka-tsaki ne. Sai a ɗora wa kwamfuta waɗannan misalai. Ita ba ta san ma'ana ba, lissafi take yi: waɗanne kalmomi ne, a wane jeri, suka fi zuwa tare da wace alama. In ta ƙoshi da misalai, sai a gwada ta da saƙonnin da ba ta taɓa gani ba, a ga sau nawa hukuncinta ya dace da na mutane. Daga nan tana iya tantance saƙo miliyan kafin mutum ya gama karanta ɗari. Tun farkon shekarun 2000 aka fara wannan da sharhin da 'yan kallo ke yi wa finafinai, daga baya kamfanoni da 'yan siyasa suka rungume shi.

An gwada shi a kan gansakuka a jihar Florida ta Amurka. Daga ƙarshen 2017 zuwa farkon 2019 wata ƙwaya mai suna Karenia brevis ta rina gaɓar tekun jihar, ta kashe kifaye da kunkurun ruwa birjik, iskar da ke tasowa daga tekun tana sa mutane tari. A watan Agusta na 2018 gwamna Rick Scott ya ayyana dokar ta-ɓaci. Daga baya masu bincike suka tattara saƙonnin Twitter na lokacin, suka auna yawansu da irin damuwar da ke ciki, suka kwatanta da rahotannin matattun kifi da na tari a bakin teku. Sun tarar abubuwan biyu suna tafiya tare, musamman in an tsaya kan saƙonnin waɗanda ke zaune a yankin. Ke nan surutun jama'a ya zama ma'auni.

Da Hausa fa?

Har kwanan baya, babu wanda ya koya wa kwamfuta wannan aiki da Hausa yadda ya kamata, domin babu tarin misalan. A 2022 wani ayarin masu bincike, ƙarƙashin jagorancin Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano, tare da abokan aiki irin su Ibrahim Sa'id Ahmad, Idris Abdulmumin da David Adelani, suka fitar da wani kundi mai suna NaijaSenti. Ya ƙunshi saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga Hausa, Yarbanci da Ibo, da kimanin 14,000 a Turancin buroka, mutum uku kuma suka duba kowane saƙo kafin a tsayar da hukunci. A 2023 aikin ya faɗaɗa zuwa AfriSenti, mai saƙonni sama da 110,000 cikin harsunan Afirka 14, aka kuma buɗe gasa ta duniya a kansa. Manhajojin da suka fi ƙoƙari a ɓangaren Hausa sun ci wajen kashi 80 cikin 100. Aiki ne da ya cancanci yabo, kuma 'ya'yan gida ne suka yi shi.

Inda na'urar ke tuntuɓe, duk mai jin Hausa zai iya hasashensa. Na farko, rubutun waya. Mutane suna zubar da lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ, suna gutsure kalmomi zuwa "ngd" da "wlh", suna cakuɗa Hausa da Turanci da Larabci a jimla ɗaya. Na biyu, gatse da habaici. Wanda unguwarsu ta yi wata uku babu ruwan famfo yana iya rubuta, "Ai kun kyauta, Allah ya ƙara girma." Kowace kalma a nan ta alheri ce, amma ɗan unguwar ya san zagi ne a nannaɗe.

Na uku ya fi zurfi, shi ne kawaici. Ka tambayi dattijo a bakin tafki, "Baba, yaya ruwan bana?" Zai ce maka, "Sai godiya." Ka je gaida marar lafiyar da ko zama ba ya iya yi, za a ce maka, "Da sauƙi." Ba ƙarya suka yi ba, tarbiyya ce. Ana gane gaskiyar ne daga murya, da fuska, da abin da zai biyo baya in an zauna an natsu. Na'urar da ke ƙirga kalmomi za ta kai rahoton cewa mutanen garin suna cikin jin daɗi.

Mai gani daban, mai rubutu daban

Ko da an gyara duk waɗannan, akwai babbar matsalar da ba ta harshe ba. Dabarar ta yi aiki a Florida ne saboda mai ganin ruwan shi ne mai rubutun: mai otal, mai kwale-kwale, ɗan yawon shaƙatawa, kowa da wayarsa da datarsa. A ƙauyukan Sandamu kuwa, wanda ke fara ganin ruwa ya sauya shi ne yaron da ya koro shanu da hantsi, da matar da ta zo wanki, da ɗan ga-ruwa, da mai kwaɓa tubali. Kaɗan ne cikinsu ke rubutu a Facebook, balle Twitter. Masu rubutun sun fi yawa a cikin birni: ɗalibai, ma'aikata, 'yan siyasa da sojojin baka. Maganarsu ta fi karkata ga zaɓe, ƙwallo da Kannywood.

A nan gansakukar kanta tana da darasi. Sayanobakteriya suna da 'yan jakunkunan iska da ke taso da su sama, iska kuma ta kora su ta tara a gefe ɗaya na tafki. Jami'in da ya ɗebi ruwa a wannan gefen zai ce tafkin duka ya lalace, wanda ya ɗeba a ɗaya gefen zai ce lafiya lau. Haka soshiyal midiya take: abin da ya taso sama, aka kora shi lungu ɗaya, shi ake gani, mai aunawa kuma ya ɗauka ya auna gari.

Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan rami. A 2008 Google ya ƙaddamar da wani shiri na hasashen yaɗuwar mura daga abin da mutane ke nema a intanet. A farkon 2013 hasashensa ya kusa ninka ainihin adadin a Amurka, a 2015 aka rufe shi.

Sannan ƙofar soshiyal midiya ba a hannunmu take ba. Daga 5 ga Yuni 2021 zuwa 13 ga Janairu 2022 gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da Twitter a Najeriya. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro. A 2023, bayan Elon Musk ya sayi Twitter, kamfanin ya rufe hanyar da masu bincike ke kwasar saƙonni kyauta. Tsarin gargaɗin da ya dogara da irin wannan ƙofa yana iya makancewa a ranar da aka fi bukatarsa.

Maganar mutanen karkara tana yawo ne ta murya: saƙon murya a WhatsApp, kiran waya, shirin rediyo na kai tsaye, hirar majalisa da ta ranar kasuwa. WhatsApp a kulle yake tun 2016, mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke ji, kuma hakkin mutane ne ya zauna haka. Rediyo kuwa a buɗe take. A Yuganda wani ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Kampala, tare da Jami'ar Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, ya gina manhajar da ke sauraron shirye-shiryen rediyo cikin harsunan Luganda da Acholi tana tsamo koke-koken jama'a. Ga al'ummar da ta shaƙu da rediyo kamar Hausawa, wannan hanya ta fi kusa da gida.

Darasin kurkunu

Najeriya ta taɓa cin nasara a kan wata cutar ruwan tafki ba tare da intanet ba. A binciken ƙasa na 1988 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000. An ga mutum na ƙarshe mai ɗauke da ita a 2008, a Disambar 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da ita. Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon sun taka rawa, amma ƙashin bayan aikin shi ne 'yan sa-kai na ƙauye. Kowane ƙauye da nasa, ɗan garin ne, ya san kowane gida da kowane tafki, yana rubuta abin da ya gani a littafi, mai duba shi yana zuwa karɓa duk wata. An raba matatun ƙyalle, an sa tukwici ga wanda ya kawo labarin gaskiya. Labari yana tafiya sama, taimako yana saukowa.

Masarautar Daura tana da irin wannan tsani tun da can: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki. Tana da sarkin Fulani da arɗo da suka san inda kowane garke ke sha. Abin da ya rage shi ne a haɗa tsanin da waya. A sa lamba ɗaya a ƙaramar hukuma wadda kowa zai iya aika wa hoton ruwa ko saƙon murya da son ransa. A koya wa masu unguwanni da ma'aikatan lafiyar dabbobi gwajin sanda. A haɗa kai da jami'o'in jihar, irin su ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da ta Tarayya a Dutsin-Ma, don a riƙa gwada ruwan da aka yi zargi. A nan kwamfuta za ta yi amfani na gaske: ta mayar da murya rubutu, ta ware saƙon gaggawa daga gaisuwa, ta nuna a taswira inda koke ya taru. Hukunci kuwa ya zauna a hannun wanda zai je bakin ruwan ya gani da idonsa, domin gani ya kori ji.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da ba ya jiran kowa. Manomin da gonarsa ke gangarowa tafki ya rage watsa taki gab da saukar ruwa, ya bar ciyawa a bakin gaɓa ta tare wanda ya wanko. Kada a karkata kwatar gida ko ta mahauta zuwa kududdufi. In da hali, a ɗebo wa dabbobi ruwa a kwarami maimakon a bar su su shiga tafki suna kashi a ciki. Ranar da aka ga ruwa ya yi kore mai kauri, ko dabba ta sha ta kwanta, a hana yara wanka, a kora garke wani mashayi, a sanar da mai unguwa da malamin dabbobi a ranar, kada a bari sai ranar kasuwa.